Ɗakin da Ke Fitowa Daga Bangon Mota: Yadda Wasu Amurkawa Ke Yanka Bas Don Neman Fili

Duk watan Janairu, idan sanyi ya rufe arewacin Amurka, hamadar jihar Arizona takan cika da motocin kwana. A kewayen Quartzsite, garin da mazaunansa na dindindin ba su wuce 'yan dubbai ba, motoci ne iya ganin ido, sun baje a filayen gwamnatin tarayya. Yamma kaɗan da nan, kusa da Ehrenberg a bakin kogin Colorado, an shafe shekaru ana wani taro mai suna Skooliepalooza, na mutanen da suka sayi tsofaffin bas-bas na 'yan makaranta suka mayar da su gidajen zama. Akwai mai murhun itace da bututun hayaƙi a rufi, akwai mai jeren faranten sola, akwai wanda ya yanke rufin motarsa ya ƙara masa tsayi. Waɗannan duk an saba da su. Wadda ba kasafai ake gani ba, kuma idan aka gan ta takan tara 'yan kallo, ita ce bas ɗin da mai ita zai danna maɓalli bayan ya tsaya, sai wani yanki na bango ya turo waje a hankali kamar aljihun tebur, da tagarsa da kujerarsa, ya tsaya a iska. Falon da ɗazu sai an yi gefe-gefe ake wucewa ya zama wurin da iyali za su baje.

A motocin kwana na kamfani, ɗaki mai zamewa ya daɗe da zama ruwan dare. A bas ɗin da mutum ya gyara da hannunsa a bayan gida kuwa, shi ne aikin da aka fi jayayya a kansa, kuma shi ne wanda ya fi barin motoci a yashe da rami a gefe, an lulluɓe su da tamfol.

Inci casa'in

Matsalar daga doka ta faro. Tun 1982 dokar tarayya ta tsayar da faɗin manyan motoci a manyan hanyoyin ƙasar a kan inci 102, wato ƙafa takwas da rabi. Yawancin motocin makaranta ma ba su kai nan ba: inci 96 ne faɗinsu daga waje, daga ciki kuma wajen inci 90. Idan aka liƙa soson tare sanyi a bango aka bi shi da katako, wasu incin sun sake tafiya. Katifar ma'aurata da aka fi saye a Amurka tana da faɗin inci 60 da tsawon inci 80. A shimfiɗa ta a gicciye, abin da zai rage daga ƙarshenta zuwa bango bai kai inci goma ba, ba mai iya bi ta nan. A falo ma haka lissafin yake. Kantar kicin ta ci ƙafa biyu a wannan gefe, doguwar kujera ta ci ƙafa biyu da rabi a wancan, sai a bar lungu a tsakiya wanda idan uwa tana girki yara ba su da hanyar banɗaki sai ta matsa.

Tsawo ba shi da wuyar samu, domin akwai bas mai ƙafa 40. Tsayi ma ana ƙarawa, muddin motar ba ta haura wajen ƙafa 13 da rabi ba, iyakar da jihohi da yawa suka sa saboda gadoji. Faɗi ne kaɗai ba shi da makawa. Sai dai doka tana auna mota ne lokacin da take kan titi. Idan ta tsaya a sansani ba ruwan kowa da faɗinta. Ta wannan ƙofa ɗaki mai zamewa ya shigo. Ɗakin da ya kai ƙafa tara a tsawo, yana fita ƙafa biyu, ya ƙara murabba'in ƙafa 18 ke nan. A gidan ƙasa wannan ko ɗakin ajiya bai kai ba. A cikin bas kuwa shi ne ke raba lungu da falo.

Mayar da bas gida tsohuwar al'ada ce a ƙasar. Bas ɗin da marubuci Ken Kesey da abokansa suka yi wa fenti kala-kala suka ratsa Amurka da ita a 1964, daga Kalifoniya zuwa New York, motar makaranta ce ƙirar International Harvester ta 1939, kuma kafin ta zo hannunsu wani magidanci mai 'ya'ya 11 ya riga ya saka mata gadaje da kicin. Shekara guda kafin wannan tafiya, a ranar 20 ga Yulin 1963, iyalai 26 masu irin waɗannan motoci suka haɗu a Hinckley ta jihar Maine don kallon husufin rana, a nan kuma suka kafa ƙungiyar FMCA ta masu motocin kwana. Duk a cikin inci 96 ko ƙasa da haka suke rayuwa.

Abin ya canza wajajen 1990, lokacin da kamfanin Newmar da ke Nappanee a jihar Indiana, ƙarƙashin Mahlon Miller, ya fito da ɗaki mai zamewa da ƙarfin lantarki a manyan motocin kwana. Cikin 'yan shekaru sauran kamfanoni suka bi sahu, daga ɗaya zuwa biyu, zuwa huɗu, har da mai ɗauke kusan dukan bangon gefe guda. Wanda ya shiga irin wannan mota a wurin baje-koli ya koma cikin lungun bas ɗinsa, dole ransa ya biya.

Abin da ake yankawa

Mai sayen tsohuwar motar makaranta abu biyu yake saye. Na farko araha: hukumomin ilimi na gundumomi sukan yi gwanjonsu bayan shekara goma sha biyu zuwa goma sha biyar na aiki, wani lokaci fiye, kuma da 'yan dubban daloli mutum zai tafi da mota mai injin dizal na Cummins ko International da giyar Allison, wadda makanikan gwamnati suka riƙa dubawa a kan kari. Na biyu ƙarfi, kuma ƙarfin ba na baka ba ne, a rubuce yake. Launin ɗorawar da aka san motocin da shi ya samo asali ne daga taron da Frank Cyr ya kira a jami'ar Columbia a 1939 don daidaita ƙirarsu. Ƙa'idojin da suka shafi mai niyyar yanka bango kuwa sun fara aiki ne ranar 1 ga Afrilun 1977. Ƙa'ida mai lamba 220 ta ce a danna rufin motar da nauyin da ya kai ɗaya da rabi na nauyinta ba kaya, kada rufin ya lotsa fiye da inci biyar da ɗan ɗori, kuma ƙofofin gaggawa su buɗu duk da haka. Mai lamba 221 ta ce duk inda aka haɗa fallen ƙarfe biyu a jikin motar, mahaɗar ta riƙe aƙalla kashi 60 cikin ɗari na ƙarfin falle mafi rauni a cikinsu. Dalilin jeren ribiti ɗin nan ke nan da ake gani a jikin bas na Blue Bird da Thomas da IC, kusa-kusa kamar ba za su ƙare ba.

Wannan ƙarfi a haƙarƙarin motar yake. Tsakanin kowace taga da mai bi mata akwai lanƙwasasshen ƙarfe da ya taso daga daɓen wannan gefe, ya bi bango, ya ratsa rufi, ya sauka a daɓen wancan gefe. Tazararsu ƙafa biyu da 'yan inci. A kwance kuma akwai dogayen ƙarafa da suka ɗaure su: wanda kujeru ke kamawa daga ciki, da baƙaƙen layukan nan na waje da mutane ke ɗauka ado ne alhali kariya ce daga karo. Mai son ɗaki mai faɗin taga huɗu sai ya datse haƙarƙari uku, ya datse dogayen ƙarafan da suka ratsa wurin, ya cire fallen bangon gaba ɗaya. Ma'ana, abin da ya sa ya zaɓi bas ya bar motar kamfani mai bangon katako da soso, shi ne abu na farko da injin yankansa zai ci. Masu adawa da aikin a nan suke kafa hujja, kuma hujjarsu tana da ƙarfi: garin gyaran gira kada a rasa ido.

Duk da haka motar makaranta ta fi sauƙin sha'ani, domin bodinta zaune yake a kan cesis mai dogayen ƙarafa biyu irin na babbar mota, su ne ke ɗauke da inji da aksil da nauyin komai. Bas ɗin safara na dogon zango labarinsa daban. Tsofaffin ƙirar GM irin su PD-4104, wadda ta fito a 1953 kamfanin Greyhound ya yi ta zirga-zirga da ita, ba su da cesis dabam; fatar alminiyum ɗin da ribitinta su ne ƙashin motar. Wanda ya buɗe rami mai ƙafa tara a gefenta ya taɓa abin da ke riƙe da injin baya da aksil ɗin gaba a layi ɗaya. Kamfanin Prevost na Sainte-Claire a lardin Quebec na Kanada, wanda ke sayar da ƙwarangwal ɗin bas ga masu ƙera motocin alfarma irin su Marathon Coach, a masana'anta yake buɗe ramukan nan, bayan injiniyoyinsa sun sake lissafin jikin motar. Irin waɗannan motoci kuɗinsu kan haura dala miliyan biyu. Mai aiki a bayan gida yana ƙoƙarin yin abu guda ne da injin walda ɗaya da tef na awo.

Ramin ne aikin

Sabon shiga yakan fara da zanen ɗakin: ina kujera, ina taga, wane fenti. Waɗanda suka yi aikin ya yi kyau da ramin suke farawa, kuma yanka shi ne abu na ƙarshe da suke yi. Ana fara daidaita motar a daɓen siminti, a ɗora cesis a kan jak-jak har ma'aunin ruwa ya nuna ba karkata ta kowace fuska. Sai a tokare rufin daga ciki da ƙarafa na wucin gadi, a gicciye da tsaye, domin haƙarƙarin da aka lanƙwasa a masana'anta yana riƙe da wani ƙarfi a jikinsa, ana datse shi yakan buɗe ko ya zauna. Bayan haka ake gina sabon firam a cikin bangon tun bangon yana nan: ƙaton fayif mai kusurwa huɗu a sama wanda zai karɓi guntayen haƙarƙarin da za a datse ya kai nauyinsu gefe, ginshiƙai biyu masu kauri a dama da hagu da aka haɗe da haƙarƙarin da suka tsira, wani fayif a ƙasa da ya kama ƙarafan daɓe, da farantai a kusurwoyi huɗu don hana firam ɗin murɗewa. Sai wannan ya tsaya da ƙafarsa ake kunna injin yanka.

Na saman nan shi ne ke ba da wahala. Tsayin cikin motar makaranta ƙafa shida ne zuwa shida da rabi, kuma bangon yana fara lanƙwasa zuwa rufi daga saman taga. Kowane inci da aka ba wa fayif ɗin sama an ɗauke shi ne daga tsayin ɗakin. Shi ya sa da yawa ba sa taɓa wannan aiki sai sun fara ɗaga rufin motar da ƙafa ɗaya ko biyu, aikin da shi kansa ya ƙunshi datse dukan haƙarƙarin a ƙara musu tsawo. Wanda bai ɗaga rufi ba, ɗakinsa na zama ne ko na kwanciya, ba na tsayuwa ba.

Inda za a sa shi ma ba zaɓin rai ba ne. Rumfar tayoyin baya ta kutso cikin motar, ba a yanka a nan. Ƙarƙashin daɓe akwai tankin dizal da kejinsa, akwatin batir, tankunan iskar birki da salansa. Ƙofar gaggawa ta gefe tana nan a wasu motocin. Idan aka cire waɗannan, sau da yawa wuri ɗaya ko biyu ne ke saura, tsakanin aksil na gaba da na baya, ko can bayan tayoyin baya inda gado yake. Su kansu dogayen ƙarafan cesis an gasa su ne a masana'anta, masu ƙera su kuma sun hana yi musu walda ko huda leɓensu na sama da na ƙasa. Waldar bodin ma tana da nata sharri, domin fallayen an shafe su da ruwan tutiya don hana tsatsa, hayaƙinta kuma yana kwantar da mai walda da zazzaɓi da ciwon jiki idan bai kankare wurin ya sa abin rufe hanci ba.

Akwai awon da masu aikin ke maimaitawa har su gaji: daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, sannan akasin haka. Idan awon biyu bai zo ɗaya ba, ramin ya karkace. Kuma ba ranar aiki kaɗai ake buƙatar ya zo ɗaya ba. Bas mai ƙafa 40 tana murɗewa duk lokacin da taya ɗaya ta hau tudu ko ta faɗa kwari. Idan firam ɗin ba shi da tauri, ranar da aka tsaya a ƙasa mara daidai ramin zai goce da rabin inci, akwatin da ke cikinsa kuma ba zai goce ba. Sai ɗakin ya cije a rabin hanya, ba shiga ba fita, motar kuma ba ta da izinin hawa titi a haka.

Abin da ke tura shi

Shi kansa ɗakin akwati ne mai fuska biyar, buɗe ta ciki. Wasu da siririn fayif na ƙarfe suke ƙera shi don shi suka iya yi wa walda, wasu da alminiyum don rage nauyi, sai dai duk inda alminiyum ya taɓa ƙarfe ga danshi, sai ya fara cinyewa, don haka dole a raba su da roba ko gam.

Wajen turawa, yawancin masu aikin gida ba sa ƙirƙirar komai, kayan masana'anta suke nema. Yankin Elkhart na Indiana, inda ake ƙera mafi yawan motocin kwanan Amurka, cike yake da shagunan rarar kaya, ga kuma makabartun motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta ci, inda ake ciro ɗaki sukutum da injinsa. Mafi tsufa kuma mafi juriya shi ne mai sanduna biyu masu haƙora a ƙarƙashin ɗakin, ƙaramin injin lantarki yana juya giyar da ke tafiyar da su tare. Yana ɗaukar nauyi, gyaransa ba wuya, amma yana son fili a ƙarƙashin daɓe, inda cesis ɗin bas ya riga ya tare. Akwai na haidirolik, irin wanda kamfanin HWH na jihar Iowa ya yi suna a kai, mai ƙarfin tura babban ɗaki da kicin a ciki, mai kuma buƙatar famfo da tanki da tiyo waɗanda wata rana za su yi yoyon mai. Akwai mai igiyoyin ƙarfe takwas, huɗu na jawowa ciki huɗu na fitarwa, wanda ke zaune cikin bango ba ya cin fili amma yana son a riƙa ɗaure igiyoyin daidai.

Wanda ya fi jan hankalin masu bas shi ne Schwintek na kamfanin Lippert: layukan haƙora na alminiyum a jikin akwatin, sama da ƙasa, dama da hagu, da ƙananan injina biyu a ɓoye cikin ginshiƙan gefe, wata 'yar na'ura tana ƙirga juyinsu don su tafi kai ɗaya. Ba ya taɓa daɓe ko cesis, abin da mai bas ke nema ke nan. Sai dai don ɗaki mara nauyi aka yi shi, kuma ba ya yafe karkataccen rami. Injin ɗaya ya riga ɗaya da kaɗan, ɗakin ya juya, haƙoran su fara cin juna.

A can ƙasan jerin akwai masu ƙaramin aljihu, waɗanda ke sayen manyan layukan durowa na masana'antu, irin masu ɗaukar fam 500, su haɗa da sandar turawa mai aiki da batir, ko ma su tura da hannu su sa sakata. Ga ɗan ƙaramin akwati na ƙafar gado, mai faɗin taga biyu da fitar ƙafa ɗaya da rabi, wannan dabara tana aiki, kuma haƙarƙari ɗaya kawai take ci. Ga falo kuwa ganganci ne, domin adadin da aka rubuta a jikin layin na kaya ne a tsaye cik, ba na manya uku da suka faɗa kan kujera lokaci guda ƙafa biyu daga bango ba.

Ko wanne aka zaɓa, sai an tanadi hanyar mayar da ɗakin da hannu ranar da batir ya mutu, da makullin da zai riƙe shi a ciki lokacin tafiya. Kamfanoni sukan haɗa maɓallin da birkin ajiye mota ko makunnin inji, yadda ɗakin ba zai fita ba mota tana gudu. Mai aikin gida da ya tsallake wannan ya bar rayuwar masu tahowa ta ɗaya hannun a kan yatsan yaron da ke wasa da maɓalli.

Ruwa

Ƙarfe yana ba da tsoro, amma abin da ke kashe yawancin ɗakunan nan a hankali ruwa ne, na kamfani da na gida duka. Dole a bar tazara tsakanin akwatin da ramin don ya iya tafiya, tazarar nan kuma ta zagaye shi ta fuska huɗu. Roba iri biyu ke tsare ta. Akwai mai leɓe, wadda ke share jikin akwatin yana wucewa, akwai mai ƙwai, wadda ke matsewa idan ɗakin ya kai ƙarshen shigarsa ko fitarsa. A rabin hanya babu mai matsewa, shi ya sa ba a barin ɗakin rabi ciki rabi waje. Motocin alfarma na Prevost da robar da ake hura wa iska suke aiki, tana kumbura ta toshe ko'ina, tana sacewa idan ɗakin zai motsa. Mai bayan gida da wuya ya kai nan.

Rufin akwatin shi ne tarko. Idan a miƙe yake ruwa zai kwanta a kai, idan ya karkata ciki ruwan falo zai nufa. Dole a ba shi ɗan gangare zuwa waje, a kuma sa masa 'yar rumfar da ke warwaruwa da fitarsa, don ganye da ƙanƙara kada su taru a kai a jawo su cikin gida. Kusurwoyin ƙasa, inda robar tsaye ta haɗu da ta kwance, nan ne ɗigon ke samun hanya. Ba ya zuba a gani. Yana bi ta ƙarƙashin katakon daɓe ne ya kwanta a kan fallen ƙarfe, sai bayan damina biyu mai gida ya ji daɓen yana lotsawa a ƙafarsa.

Ga sanyi kuma. Akwatin da ya fita iska na bugunsa ta sama da ƙasa da gefe uku, bangonsa kuma siriri ne don kowa na tsimin inci. A jihohin da ruwa ke daskarewa, numfashin masu barci da tururin girki sukan taru a firam ɗin ƙarfen su zama raɓa, raɓar ta zama baƙin fumfuna a bayan matashin kujera. Masu zama a irin wuraren nan sukan jawo ɗakin ciki da dare, wato a lokacin da aka fi zama a gida filin da aka sha wahala dominsa ba ya nan. Saka kicin a cikin akwatin ya ninka matsalar, don tiyon ruwa da na gas da wayoyin wuta duk sai sun lanƙwashe sun miƙe a kowace fita. Masu hankali kujera ko gado kawai suke sa wa.

Sikeli da takarda

Kowace bas tana da farantin da ya faɗi iyakar nauyinta da na kowane aksil. Cire kujeru yana rage kaya, amma katako da firiji da batura suna mayar da shi da riba, tankin ruwa mai galan 100 kaɗai ya haura kilo 370. Firam da akwati da inji suna ƙara ɗaruruwan kilo, duk a gefe guda. Mai lura yakan sa tankuna da batura a ɗaya gefen, sannan ya kai motar sikelin manyan motoci irin na CAT da ke tashoshin tireloli, ya fi kyau ma ya sami inda ake auna kowace taya ita kaɗai, domin aksil na iya zama cikin iyaka alhali tayoyin gefe ɗaya sun wuce tasu.

Takarda ta fi sikeli wuya. Sauya rajistar bas zuwa motar kwana abu ne mai yiwuwa a jihohi, bayan an cire allon tsayawa da fitilun ɗaukar yara, a wurare da dama kuma an sauya launin ɗorawar. Inshora ce ke ƙi. Kamfanonin da ke karɓar bas ɗin da aka gyara a gida ba su da yawa, sukan nemi hotuna, kuma murhun itace ko dandali a kan rufi kaɗai na iya sa su janye, balle bangon da aka yanke ba tare da sa hannun injiniya ba. Motar kamfani tana ɗauke da tambarin ƙungiyar masu masana'antar, RVIA, shaidar an bi ƙa'idar wuta da gas da ruwa. Ta gida ba ta da shi, wasu sansanonin haya kuma ba sa karɓar mota mara tambarin ko wadda ta haura shekara goma. A filin ajiye motoci na manyan kantuna irin su Walmart, inda wasu rassa ke barin matafiya su kwana, al'ada ita ce kada a baje ɗaki. Saboda haka tsarin cikin motar dole ya yi aiki ɗakin yana rufe: a iya kaiwa ga banɗaki da firiji da gado. Akwatin da ke fita ƙafa biyu waje, ƙafa biyun nan a tsakiyar falo yake ajiye su duk tsawon tafiya.

Wannan ne ya sa da yawa daga cikin tsofaffin hannu ke ba sababbi shawarar su nemi filin ta wata hanya: gado mai naɗewa jikin bango ko mai hawa rufi da rana, tebur mai ninkewa, rumfa a waje, ko tun farko a sayi bas mai faɗin inci 102. Ba sa cin haƙarƙari ko ɗaya, ba sa yoyo.

Ɗaki mai zamewa na gida yana da masu shi: iyali mai yara da yawa da ke zama wata da watanni a wuri guda mai ɗumi, da mai gidan da walda sana'arsa ce, yana da rumfar aiki da kuɗin biyan injiniya ya duba zanensa kafin ya yanka. Ga wanda zai koyi walda a jikin motar da 'ya'yansa za su kwana a ciki, ko mai tashi kowane kwana biyu, murabba'in ƙafa 18 bai kai haƙarƙari uku ba. Idan ya matsa sai ya yi, ya tsaya a ƙaramin akwatin ƙafar gado mai taga biyu, kuma ya kira kamfanin inshorarsa kafin ya sayi faifan yanka.